Tsadar tsofaffin wasannin bidiyo: Ba farashi ne kaɗai abin kuka ba

Na san wasu daga cikin masu bibiyar wannan shafi za su yi mamakin ganin malamin jami'a, wanda ya kamata a ce yana can yana fama da nahawu da ƙamus, ya ɗauki alƙalami domin yin tsokaci a kan wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira gem. Wani ma zai ce duk matsalolin da suka yi mana katutu, ba wadda ta tsone maka ido sai wasan yara? To, ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya biyo ni a sannu, domin maganar da zan yi magana ce ta ciniki, da gaskiya a cikin ciniki, da kuma yadda ake amfani da kalma wajen raba mutum da kuɗinsa. Wannan kuwa fage ne da mai nazarin harshe yake da ta cewa a cikinsa.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, kwanakin baya wani ƙanena, magidanci mai 'ya'ya uku, ya zo gaishe ni. Muna cikin hira sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, dubi wannan don Allah. Wasan nan da muke bugawa a gidan gem na bayan layinmu, shi ne aka wanke aka dawo da shi, wai dala 60." Na ce masa, "To, ka ƙyale shi mana, wa ya tilasta maka?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ai matsalar ke nan, Yaya, ina son sa." Wannan amsa tasa ta tsaya mini a rai, saboda a cikinta ne sirrin wannan kasuwa yake gaba ɗaya. Yaran da suka buga waɗannan wasanni shekaru ashirin ko talatin da suka wuce, su ne a yau suka zama magidanta masu albashi, kuma kamfanonin Amurka da Japan da ke da mallakar wasannin sun san da haka sarai. Abin da suke sayarwa ya haɗa da begen ƙuruciya, shi kuwa bege ba a cika taya shi ba.

Kafin mu shiga batun farashi, yana da kyau mu fara tantance kayan da ake sayarwa, domin a nan ne ruɗanin ya faro. Akwai ayyuka iri uku mabambanta da ake yi wa tsohon wasa kafin a sake fito da shi. Na farko shi ne abin da zan kira ƙaura, wato a ɗauko wasan yadda yake, a daidaita shi ya yi aiki a kan sabuwar na'ura, ba tare da an taɓa wani abin kirki a jikinsa ba. Na biyu shi ne kwaskwarima, inda ake barin ƙashin wasan yadda yake, amma a ƙara wa hotonsa kyau, a tace sautinsa, a gyara wasu kurakurai. Na uku shi ne sabon gini, wato a ɗauki labarin da 'yan wasan, a sake ƙera komai daga tushe. Duk wanda ya taɓa hulɗa da magina ya san akwai tazara mai nisa tsakanin share gida, da yi masa shafe da fenti, da kuma rushe shi a sake ɗora tubali. Ba wanda zai yarda a share masa gida a karɓi kuɗin gini a hannunsa. Sai dai a wannan kasuwa, kalmomin da ake liƙa wa wasanni, irin su Remastered da HD da Definitive Edition, ba su da wata tsayayyar ma'ana da doka ko al'ada ta ɗaure kamfani a kanta. Kalma ɗaya tana iya rufe aikin shekara uku, tana kuma iya rufe aikin wata uku, mai saye ba zai gane ba sai bayan ya biya.

Bari in kawo misalai, don kada a ce shaci-faɗi nake yi. A watan Satumban 2020, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da Super Mario 3D All-Stars domin bikin cikar wasan Mario shekara 35. Tarin wasanni uku ne, na 1996 da na 2002 da na 2007, waɗanda aka yi wa 'yar kwaskwarima kaɗan, aka sa musu dala 60, kuɗin sabon wasa dal. Bugu da ƙari, kamfanin ya sanar tun farko cewa daga ranar 31 ga Maris, 2021 zai janye shi daga kasuwa. Mai karatu ya lura, kayan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a shago balle a ce ƙarancinsa ne ya jawo haka. Wa'adi ne kawai aka ƙirƙira domin a sa mutane gaggawa, kada su tsaya jiran farashi ya sauko.

Haka kuma a watan Agustan 2023, kamfanin Rockstar ya kawo wasan Red Dead Redemption na shekarar 2010 kan na'urorin PlayStation 4 da Switch a kan dala 50. Wannan ƙaura ce zalla, har ma an cire ɓangaren da ake bugawa da wasu ta intanet, alhali masu na'urar Xbox suna iya saka tsohon faifansu ya yi aiki ba tare da sun ƙara sisi ba. Da aka yi ca a kan batun, shugaban uwar kamfanin, Strauss Zelnick, ya nuna cewa a ganinsu farashin ya yi daidai da kasuwa. Shi kuwa The Last of Us na kamfanin Sony, sau uku aka sayar da shi cikin shekara tara: a 2013, da 2014, sannan a 2022 da aka sake gina shi aka sa masa dala 70.

Amma duk a cikinsu babu wanda ya tayar da ƙura kamar tarin Grand Theft Auto guda uku da aka fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2021, wanda ya ƙunshi wasannin 2001 da 2002 da 2004, ciki har da San Andreas da matasanmu suka sani ƙwarai. An sa masa dala 60, aka kuma laƙaba masa sunan da ke nufin bugu na ƙarshe wanda ba gyara bayansa. Sai dai kash! Da ya iso hannun jama'a, sai ga mutanen cikin wasan da gaɓoɓi a karkace, ga ruwan sama da ke rufe ido har mutum bai ganin gabansa, ga rubuce-rubucen allunan shaguna cike da kurakurai. Kwana takwas kacal da fitowarsa, kamfanin ya fito fili ya ba da haƙuri. Bugun da aka ce ba gyara bayansa, sai da aka shafe shekaru ana yi masa faci.

Adalci ya wajabta in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, domin ba daidai ba ne a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Da farko, raya tsohon wasa ba ƙaramin aiki ba ne. An rubuta shi ne domin na'urar da aka daina ƙerawa, wani lokaci ma asalin rubutun manhajar ya salwanta, kamar yadda ya faru da tarin Silent Hill na kamfanin Konami a 2012, inda masu aikin suka tarar ba cikakken rubutun aka ba su ba. Na biyu, waƙoƙin da ke cikin wasu wasanni hayarsu aka yi na wasu shekaru, idan wa'adi ya cika sai an sake biya ko a cire su. Na uku, dala 60 ta shekarar 2005 ba ita ce dala 60 ta yau ba; idan aka yi lissafin hauhawar farashi a Amurka, ƙimarta a yanzu ta haura dala 90. Na huɗu, kuɗin ƙera sabon wasa ya yi tashin gwauron zabo. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa kashi na biyu na The Last of Us ya lashe kimanin dala miliyan 220. Kamfanin da ke zuba irin wannan jari dole ya nemi abin da zai riƙa kawo masa kuɗi ba tare da kasada ba, tsohon wasa mai farin jini kuwa shi ne saniyar tatsa mafi kusa.

Ban musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji ba. Hasali ma, tarihin kasuwar ya nuna cewa 'yan wasa ba sa ƙyashin biyan kuɗi idan suka ga aiki. Lokacin da Capcom ya sake gina Resident Evil 2 na 1998 a shekarar 2019, cikakken farashi ya sa, jama'a suka biya suna yabo. Da Nintendo ya fitar da Metroid Prime Remastered a Fabrairun 2023 a kan dala 40, bayan ya sabunta hotonsa gaba ɗaya, ba a ji wani ƙorafin kirki a kan kuɗin ba. Shi kuwa Electronic Arts, dala 20 ya sa wa tarin Command & Conquer a 2020, ya kuma ba mai wasa damar komawa tsohon hoto ko sabo da danna maɓalli ɗaya. Ashe ke nan mutane sun san sayen nagari mayar da kuɗi gida. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a karɓi kuɗin gini a yi musu shara.

Duk da haka, a nawa ganin, masu kukan tsada sun bar jaki suna dukan taiki. Tsada kaɗai ba zalunci ba ce matuƙar mai saye yana da zaɓi. A kasuwar da muka sani, mai kaya ya faɗi kuɗinsa, ka taya, ya ce albarka, ka wuce rumfar gaba. Idan sabo ya fi ƙarfinka, ka nemi na hannu. Wannan 'yancin na wucewa gaba shi ne ke hana ɗan kasuwa wuce gona da iri. To, abin da wasu kamfanoni ke yi shi ne rufe rumfar gaban. Makonni kaɗan kafin fitowar tarin Grand Theft Auto da na ambata, an janye tsofaffin wasannin uku, masu araha, daga shagunan intanet, ta yadda duk mai so babu abin da ya rage masa sai sabon mai tsada. Sai da aka yi ta kai ruwa rana sannan aka dawo da su ga masu kwamfuta. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da kamfanin Blizzard ya yi a Janairun 2020 da Warcraft III: Reforged, inda sabon ya maye gurbin manhajar tsohon wasan na 2002, har waɗanda ba su sayi sabon ba suka wayi gari sun rasa wasu abubuwan da suka saba da su shekara da shekaru. Wannan ya wuce tsada. Shiga ɗakin mutum ne a taɓa kayan da ya riga ya biya.

A nan ne batun ya taɓo ni a matsayina na malami. Mu da muke hulɗa da tsofaffin rubuce-rubuce mun san darajar asali. Idan aka juya rubutun ajami zuwa boko, aka gyara masa ƙa'idojin rubutu, aka buga shi a takarda mai kyau, an yi aikin alheri, amma ba mai hankalin da zai ce tunda an buga sabo a ƙona tsohon, domin kowane mai gyara yana da abin da ya ƙara da abin da ya rage, da saninsa ko ba da saninsa ba. Haka abin yake ga waɗannan wasanni, waɗanda aikin fasaha ne na marubuta da masu zane da makaɗa, kuma shaida ne na zamaninsu. Wani bincike da gidauniyar adana tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a Yulin 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. A watan Maris na shekarar kuma Nintendo ya rufe saye a shagunan intanet na na'urorinsa na 3DS da Wii U. Da ɗakunan karatu suka nemi a ba su izinin bai wa masu bincike damar duba tsofaffin wasanni daga nesa, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Amurka ta ƙi amincewa a Oktoban 2024. Sakamakon haka shi ne, kamfani ne kaɗai ke zaɓar abin da zai rayu daga tarihi, kuma abin da zai kawo riba kaɗai yake zaɓa.

Sai kuma kalmar da ta fi kowace ɗaukar hankalina, wato "saya". A Hausa mun bambanta saye da haya da aro da jingina, kowanne da hukuncinsa, kuma ko yaro ya san abin da ka saya naka ne, ka ga dama ka sayar, ka ga dama ka bar wa magada. Amma wanda ya danna maɓallin saye a shagon intanet, a mafi yawan lokuta lasisin amfani kawai ya karɓa, wanda ba ya iya sayarwa ko bayarwa kyauta. Jama'a sun ga zahirin haka a ƙarshen Maris na 2024, lokacin da Ubisoft na Faransa ya kashe na'urorin da wasan The Crew ke dogaro da su, wasan ya mutu murus a hannun duk wanda ya biya kuɗinsa. Wannan ne ya haifar da gangamin da ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta kafa doka a 2024, wadda ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye sai sun bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi yake karɓa. Dubi yadda sai da majalisa ta zauna kafin a mayar wa kalma ɗaya ma'anarta! Abin tambaya a nan shi ne, idan haya ce, me ya sa ake karɓar kuɗin saye? Idan kuma saye ne, me ya sa za a sake sayar wa mutum abu ɗaya duk lokacin da ya canza na'ura?

To, amma fa su ma 'yan wasan ba za su wanke hannunsu ba. Tarin Mario ɗin nan da aka yi ta la'anta, sama da kwafi miliyan 9 aka sayar kafin wa'adinsa ya cika. Kamfani ba ya karanta zagin da ake yi masa a Facebook da sauran dandali kamar yadda yake karanta littafin cinikinsa. Mutum ya yi ta kumfar baki da safe, da yamma ya biya kuɗin wasan tun kafin ya fito, bai ga ko hotonsa na gaskiya ba, sannan ya dawo yana kuka. Masu iya magana sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Alhali kuwa an ga inda turjiya ta yi amfani: bayan abin da ya biyo bayan Warcraft III, har da mayar wa mutane kuɗinsu, da Blizzard ya zo fitar da Diablo II: Resurrected a 2021, sai ya bar tsohon wasan na 2000 yadda yake bai taɓa shi ba. Ba tausayi ne ya sa shi ba, ya ji a jikinsa ne.

Mu a nan, abin ya fi yi mana ciwo ta wata fuskar, domin farashin da aka yanka da la'akari da aljihun Ba'amurke shi ne ake miƙo mana. A shekarar 2025 dala ɗaya tana kai-kawo ne a wajen naira 1,500, ke nan dala 60 ta kama naira 90,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato ma'aikaci ya yi wata guda cur yana aiki, bai tara kuɗin wasan da ya girmi ɗansa na fari ba. Ba ina halatta satar fasaha ba ne, domin ni ma marubuci ne, na san zafin a kwafe maka aiki. Amma duk kamfanin da ya janye mai araha ya bar mai tsada, ya sani cewa da hannunsa yake kora mutane wajen masu kwafi.

Saboda haka, shawarata ga masu wannan ƙorafi ita ce su gyara buƙatarsu. Cewa a rage kuɗi kawai ba zai kai su ko'ina ba, domin mai kaya yana da ikon sa wa kayansa farashi. Abubuwan da ya kamata su tsaya a kai guda uku ne. Na ɗaya, a kira kowane kaya da sunansa na gaskiya, a bayyana abin da aka ƙara da abin da aka cire kafin a karɓi kuɗi. Na biyu, duk lokacin da aka fito da sabo, a bar tsohon a kasuwa a kan farashinsa, kuma kada a taɓa wanda ke hannun mutane. Idan sabon ya cancanci kuɗinsa, ba ya tsoron zama kusa da tsohon. Na uku, abin da kamfani ya daina sayarwa, a bar ɗakunan karatu da gidajen tarihi su adana shi. Waɗannan buƙatu ne da hukuma za ta iya sa baki a cikinsu, kamar yadda aka fara gani a Kalifoniya da Turai. Sauran aikin kuwa na mai saye ne: ya daina biya kafin ya gani, ya jira waɗanda suka gwada su ba da labari, ya kuma tuna cewa yawancin waɗannan wasanni farashinsu kan faɗo bayan 'yan watanni.

Abin da na faɗa wa ƙanena ke nan a ranar. Na ce masa wasan da ya jira ka shekara ashirin, ba zai gagara jiran wata shida ba. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan ba dalili ba ne da zai sa mutum ya biya kuɗin zuma bai buɗe tulun ya ga abin da ke ciki ba.